Yawon buɗe ido kai kaɗai a ƙasar Sin: shiri, hanya, abinci da zama da Sinawa

Tambayar daga wani matashi take. Ya ce ya yi ɗan tarinsa, yana son ya goya jakarsa ya yi mako uku a ƙasar Sin shi kaɗai, ba saro kaya ba, ba karatu ba, ganin gari da mutane kawai. Ba ya jin Sinanci ko kaɗan. Yana son ya san ko abin zai yiwu, ta ina zai bi, me zai ci, kuma yaya Sinawa suke karɓar baƙo irinsa, Musulmi baƙar fata.

Zai yiwu, ɗan'uwa. Ta fuskar tsaro da sufuri, Sin na cikin ƙasashen da suka fi sauƙin yawo ga mutum shi kaɗai. Inda gizo ke saƙa shi ne kusan komai a can ya rataya a kan abu biyu, wayarka da fasfonka. Wanda ya gyara waɗannan tun yana gida ya yi rabin tafiyar. Wanda ya ce sai ya sauka zai duba, zai iya kwana biyu bai iya sayen ko ruwan sha cikin natsuwa ba.

Bizar yawon buɗe ido ita ce mai harafin L, ta kasuwanci kuma M. Kada ka nemi ɗaya alhali ɗayar kake nufi, domin tambayoyin da za a yi maka a filin jirgi za su bi abin da ke rubuce a bizar. Ana neman shaidar tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki, da tsarin tafiya rana bayan rana. Ka riƙe katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa, don ana iya neman sa a hannun mai zuwa daga yankinmu. Kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka, an hana shigar da nama kowane iri, kuma karɓewa za a yi. Magunguna irin su tiramadol da masu kodin ka bar su a gida, sai in da takardar likita a hannunka. Hukuncin ƙwaya a Sin ba wasa ba ne, kuma kada ka riƙe wa kowa saƙon da ba ka buɗe ka gani ba.

Sai waya. Google da WhatsApp da Facebook da YouTube duk a toshe suke a intanet ɗin cikin ƙasar. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi layin eSIM na matafiya, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, kafin ka tashi, ko ka buɗe wa layinka na gida damar aiki a waje, domin bayanan irin wannan layi ta wata ƙasa suke fita, toshewar ba ta shafe su. Amma da ka hau intanet ɗin masauki ka koma cikin shinge. Taswirar Google ko ta buɗe ba abin dogaro ba ce a Sin, tana iya nuna ka a wani layi alhali kana wani. Ka sauke manhajar taswira ta Amap, in kuma iPhone gare ka taswirar Apple tana aiki. Ka sauke manhajar fassara da ke aiki ba tare da intanet ba, mai karanta rubutu ta kyamara, don da ita za ka karanta jerin abinci da allunan tasha.

Kuɗi shi ne babban tarko. Daga mai gasa dankali a bakin titi har babban kanti, kowa lambar QR yake miƙo maka. Ka buɗe manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat tun a gida, ka tantance kanka da fasfo, ka haɗa su da katin Visa ko Mastercard. Katin dala ya fi katin naira tabbas, saboda bankuna kan sa wa katin naira iyaka a ma'amalar waje. Ciniki na yuan 200 zuwa ƙasa (yuan shi ne kuɗin Sin) babu ƙarin caji, abin da ya haura haka ana ɗora kashi 3 cikin 100. Abin da ya fi ɓata wa mutane lissafi shi ne lambar tabbatarwa da banki ke turowa layin gida, alhali an cire layin an bar shi a aljihun jaka ko ma a Kano. Ka tafi da layin a cikin wayar. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi kamar yuan 500 zuwa 1,000 a ƙananan takardu. Doka ta hana ƙin karɓar tsaba, sai dai sau da yawa mai shago ba shi da canji.

Game da masauki, dokar ƙasar ta ce baƙo ya yi rajistar inda ya sauka cikin awa 24. Otal da masaukin matasa matafiya su ke yi maka da fasfonka. In gidan aboki ka sauka, kai da shi za ku je ofishin 'yan sanda na unguwar. A 2024 hukuma ta ce kada otal ya kori baƙo da hujjar ba shi da izinin saukar 'yan waje, duk da haka a ƙananan garuruwa har yanzu ana samun mai karɓar baƙi ya girgiza kai, galibi don bai iya shigar da fasfo a na'urar rajista ba. Ka kama ɗaki ta manhajar Trip.com, ka duba ko 'yan waje sun taɓa sauka a wurin, kuma ka isa da rana don in an juya ka ka sami lokacin neman wani. Gado a ɗakin haɗaka yakan kama yuan 50 zuwa 100 a manyan birane.

Mako uku ba ya ɗaukar ƙasar Sin, don haka ka yanke buri. Zagayen da ya fi dacewa da mai zuwa daga wajenmu shi ne ka sauka Guangzhou, wadda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, ka haura Beijing, ka gangaro Xi'an, ka ratsa Chengdu, ka huta a Yangshuo kusa da Guilin, ka koma Guangzhou ka tashi. Ka kauce wa makon farko na Oktoba, da farkon Mayu, da bikin sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. A waɗannan lokuta ƙasar gaba ɗaya tana kan hanya, tikiti yakan ƙare cikin mintuna. Afrilu, ko tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sun fi daɗi. Tibet ka cire ta daga lissafi, baƙo ba ya shiga sai da izini na musamman da ɗan jagora.

Jirgin ƙasa shi ne ƙafarka. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya, ta manhajar 12306 ko ta Trip.com. Babu takarda, fasfonka shi ne tikitin, saboda haka sunan da ka rubuta ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. A ƙofar shiga ka bi layin da ma'aikaci ke tsaye, domin ƙofofin na'ura galibi katin ɗan ƙasa suke karantawa. Babban birni yana da tasha fiye da ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu na iya kai awa guda, to ka karanta sunan tashar da kyau. Yawancin jiragen Xi'an masu gudu daga tashar Beijing ta Yamma suke tashi su sauka a Xi'an ta Arewa, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa shida, kuɗin kujerar aji na biyu yuan 500 da 'yan kai. Ka isa da saura minti 45 aƙalla, akwai binciken kaya, ana ƙwace wuƙa, kuma ana rufe ƙofa 'yan mintuna kafin tashi. In za ka hau jirgin sama na cikin gida, tun Yunin 2025 ba a barin batirin cajin waya da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin.

Amma kada duk tafiyarka ta kasance a jirgi mai gudu. A cikinsa kowa kansa na kan wayarsa. Ka yi aƙalla dare ɗaya a tsohon jirgi mai gadon kwana, a ajin da suke kira gado mai tauri. Gadaje shida ne a kowane sashe, uku kan uku, babu ƙofa. Gadon ƙasa ya fi tsada kuma kowa a kansa yake zama da rana, na sama ba a iya zama a miƙe, na tsakiya ya fi dacewa da kai. A nan ne tsohuwa za ta cusa maka lemo ko 'ya'yan sunfulawa a hannu, ɗalibi ya zo gwada Turancinsa, a riƙa miƙa waya ana fassara tambaya. Akwai tukunyar ruwan zafi a ƙarshen kowane tarago, ana kashe fitila wajen goma na dare. Ka tafi da abin da za ka raba, ko dabino ne, don wanda aka ba shi bai mayar ba hira takan mutu a kansa.

A Beijing, Fadar Sarakuna da aka kammala a 1420 a rufe take ranar Litinin, kuma sai an kama tikiti ta intanet da lambar fasfo, ana buɗe sayarwa mako guda kafin ranar. Kuɗin yuan 60 ne daga Afrilu zuwa Oktoba, 40 a sauran watanni. Ta ƙofar kudu ake shiga a fita ta arewa, sai ka tsallaka titi ka hau tudun Jingshan ka ga rufin fadar gaba ɗaya. Dandalin Tiananmen ma sai da rajista. Babbar Ganuwa kuwa, sashen Badaling ya fi sauƙin zuwa, shi ya sa ya fi cunkoso, Mutianyu ya fi sarari. Duk da haka, in so kake ka ga Sinawa a yadda suke, ka je lambun Haikalin Sama da ƙarfe bakwai na safe. Tsofaffi na wasan motsa jiki na taici, wasu na rera waƙa, wasu na buga kati. In ka tsaya ka yi murmushi, ba za ka daɗe ba wani zai ja hannunka ka shiga rawa. Da rana ka leƙa unguwar Niujie ta Musulmi, inda masallacin da aka kafa a 996 yake.

Xi'an ce wurin da ya kamata ka fi daɗewa. Sojojin yumɓu na sarki Qin Shi Huang, waɗanda manoma suka ci karo da su a 1974 suna haƙa rijiya, suna kimanin kilomita 40 daga gari. Ka fara da ƙananan ramukan ka ƙare da rami na ɗaya, wanda shi ne babba, in ba haka ba sauran za su zama maka ba komai. Ganuwar birnin kusan kilomita 14 ce, ana hayar keke a kanta. Sai unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui a bayan Hasumiyar Ganga. Babban layinta na 'yan kallo ne, hayaniya da tsada, ka kutsa lungunan da ke bayansa. Babban masallacin yana cikin lungun Huajue, ana danganta kafuwarsa da shekarar 742, ginin da ake gani yau mafi yawansa na zamanin daular Ming ne. Babu ƙubba, rufinsa irin na gidajen sarautar Sin ne, tsakar gida bayan tsakar gida, an sassaƙa Alƙur'ani a allunan katako a bangon ɗakin salla. Ka yi sallama za a amsa maka da fara'a. Limami ahong suke ce masa. Dattawan da ke zama bayan la'asar sukan so jin daga ina baƙo yake, kuma ɗan Larabcin da ka sani zai yi maka amfani da ahong fiye da Turanci. Ka ci yangrou paomo, romon naman rago da gurasa. Za a ba ka kwano da gurasa mai tauri ka marmasa da hannunka ƙanana-ƙanana kafin a kai a zuba romo. In ka yi manyan gutsure romon ba ya ratsa su, kuma na kusa da kai zai nuna maka yadda ake yi ko ba ka tambaya ba.

Chengdu ta dabbar panda ce da shayi. Ka je cibiyar kiwon panda da an buɗe da safe, don da rana ta yi barci suke. Da yamma ka zauna a rumfar shayi ta Lambun Jama'a, kofi ɗaya ake saya a yi ta ƙara ruwan zafi, masu sosa kunne na zagayawa da ƙarafansu. Barkonon nan nasu huajiao yana sa leɓe ya yi sanyi kamar an yi masa allura, ba cuta ba ce. Yangshuo kuma hutu ce, ka hau keke ka bi ƙauyuka tsakanin duwatsun da hotonsu ke bayan takardar yuan 20.

Abinci ba zai gagare ka ba in ka haddace haruffa biyu, 清真, ana karanta su qingzhen, su ne alamar halal. Haruffan ka nema, don a shekarun nan an sauke rubutun Larabci daga allunan gidajen abinci da yawa. Kusan kowane gari akwai shagon taliyar Lanzhou da romon naman sa, yawanci da koren allo, masu shi sanye da farar hula, kwano yuan 10 zuwa 20. A sauran gidajen abinci ka sani cewa in an rubuta nama kawai ba a faɗi na mene ne ba, alade ake nufi. Ko ganye ka ce a soya maka, ana iya sa kitsen alade ko giyar girki, ko a barbaɗa niƙaƙƙen nama a kai don ƙarin ɗanɗano. Cewa ba ka cin alade bai isa ba, mai girki ba ya lissafa kitse da romo a matsayin nama. Ka ajiye rubutu da Sinanci a wayarka mai cewa ba alade, ba kitsensa, ba romonsa, ba giya. Gidajen abincin mabiya Buda marasa nama mafita ce. Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa. Banɗakin jama'a na tsugunno ne, sau da yawa ba takarda ba buta, to ka riƙe gorar ruwa da takarda a jaka. Alƙibla tana wajen yamma, ƙasar duka agogo ɗaya take bi, awa bakwai gaba da Najeriya da Nijar. Salla ka yi ta a masallaci ko a ɗakinka, shimfiɗa darduma a tasha ko dandali na jawo jami'an tsaro. Wa'azi da raba littattafan addini an hana baƙo.

Yanzu maganar fata. Za a kalle ka, musamman a wajen manyan birane, kallo na ƙuri ba kunya. Za ka ji laowai, wato baƙo, ko heiren, wato baƙar fata. Za a ɗauke ka hoto ba izini, yaro zai iya shafa hannunka. Mafi yawan wannan mamaki ne na wanda bai taɓa ganin irinka ido da ido ba, kuma gaisuwar ni hao, wato sannu, da murmushi kan mai da kallon hira. In ba ka so, ka ɗaga hannu ka ce bu yao, ya wadatar. Wariya ta gaske ma akwai ta. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou har gwamnatocin Afirka, ciki da Najeriya, suka yi ƙorafi. A unguwar Xiaobei 'yan sanda kan tare baƙi su duba takardu, saboda haka fasfo na asali ya kasance a jikinka kullum, kuma kada ka wuce wa'adin biza ko da kwana ɗaya. In an yi maka ba daidai ba, ɗaga murya a bainar jama'a ba ya ci, domin kunyata mutum a gaban mutane shi ne abin da Basine ya fi ƙi, daga nan sai ya kafe. Ka yi magana a hankali, ka nemi na gaba da shi, in abin ya girma ka kira 'yan sanda a 110. Motar asibiti 120 ce.

Za a tambaye ka shekarunka, albashinka, ko ka yi aure, 'ya'ya nawa. Ba raini ba ne, hanyar sabo ce, kana iya amsawa da dariya. In an gayyace ka cin abinci, wanda ya gayyata shi ke biya. Ka yi yunƙurin biya sau ɗaya ko biyu don ladabi, sannan ka bari, ka rama da ɗan tsaraba. Ana miƙa abu da hannu biyu a karɓa da hannu biyu, kuma mai karɓar kyauta yakan ƙi sau ɗaya ko biyu kafin ya amsa. Kada ka ba da agogon bango, yana musu nuni da jana'iza. Kada ka kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka ake kafa turare wa mamaci. Mai gida zai yi ta ɗora maka abinci, in kwanonka ya zama fanko ƙari zai biyo, ka rage kaɗan in ka ƙoshi. A Guangzhou in an zuba maka shayi sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Giya ce wurin da ake matsa wa baƙo, musamman baijiu mai ƙarfi. Tun kafin a zuba ka ce wo shi musilin, wo bu he jiu, wato ni Musulmi ne ba na shan giya, ka ɗaga kofin shayi a madadinta. Sun san Hui, za su gane. Wanda ya kurɓa sau ɗaya don kunya ba zai iya ƙin na biyu ba. Maganar Taiwan da Tibet da Xinjiang da abin da ya faru a Tiananmen a 1989 ka bar ta, kai jirgi za ka hau ka tafi, wanda ka sa ya yi magana shi zai zauna da abin da ya biyo baya. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda, sojoji ko shingen bincike.

Ka kuma bambance gayyatar gaskiya da ta 'yan damfara. A titin Wangfujing na Beijing da titin Nanjing na Shanghai, matasa masu Turanci mai kyau kan tare baƙo su ce a je shan shayi ko kallon zanen ɗalibai, a ƙarshe a kawo lissafin yuan dubu ko fiye. Alamar ita ce su suka fara tare ka a wurin 'yan kallo, kuma su suka zaɓi wurin zama. Ka ce kai za ka zaɓa, in sun janye ka gane. Direban da ke kiran ka a bakin tasha ma ka wuce shi, ka bi layin tasi mai mita ko ka kira motar haya ta Didi ta cikin Alipay.

Ka tsara komawarka Guangzhou ta faɗo ranar Alhamis. Ka ga masallacin Huaisheng da tsohuwar hasumiyarsa mai kimanin mita 36, washegari ka yi Juma'a a masallacin Xianxian, inda akwai kabarin da Musulmin Sin ke dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Ana cika sosai da Hui da Larabawa da 'yan Afirka, ka je da wuri in kana son sahu a ciki. Filin jirgin Baiyun yana da nisa daga tsakiyar gari, layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 3 yana kaiwa, ka ware masa awa guda ban da awa ukun da ake so ka isa kafin tashi.